El mapa del tiempo: littafin Félix J. Palma

El mapa del tiempo, wato Taswirar Lokaci, ƙagaggen labarin kimiyya ne da marubucin ƙasar Sifaniya, Félix J. Palma, ya wallafa a 2008. An haifi Palma a 1968 a garin Sanlúcar de Barrameda da ke kudancin ƙasar. Littafin ya lashe lambar yabo ta Ateneo de Sevilla a shekarar da ya fito, fassararsa ta Ingilishi kuwa, wadda Nick Caistor ya yi, ta fito a 2011 da sunan The Map of Time.

Labarin ya faru ne a Landan a 1896, zamanin Sarauniya Biktoriya, shekara guda bayan marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa The Time Machine, lokacin da zancen ratsa zamani ya cika gari. Wells ɗin kansa yana cikin labarin, kuma shi ne igiyar da ta ɗaure kashi ukun littafin.

A kashi na farko, wani ɗan masu kuɗi, Andrew Harrington, yana neman komawa 1888 don ceto masoyiyarsa Marie Kelly daga hannun makashin nan na unguwar Whitechapel, Jack the Ripper. A na biyu, kamfanin wani Gilliam Murray yana sayar wa attajirai tikitin zuwa shekarar 2000 don kallon yaƙin mutane da mutum-mutumin ƙarfe. Can ne wata mai suna Claire Haggerty ta kamu da son Kyaftin Shackleton na wannan yaƙi, ba ta san cewa talaka ne mai suna Tom Blunt da aka ɗauka haya yana wasan kwaikwayo ba. Wasiƙun soyayyar da ta riƙa samu ma Wells ne ke rubuta su.

Ashe duk tafiye-tafiyen kashi biyun nan yaudara ce aka shirya, kuma nan ne ƙarfin littafin yake: mai karatu yana faɗawa tarkon da ya kama mutanen labarin. Sai a kashi na uku ake haɗuwa da matafiyin gaske. Sufeton 'yan sanda Garrett na Scotland Yard ya tarar da gawarwaki masu raunin da babu makamin wancan zamani da zai iya yinsa. Mai kisan, Marcus Rhys, daga zamani mai zuwa ya zo, burinsa ya hallaka marubuta uku, Wells da Bram Stoker da Henry James, ya mallake littattafansu da ba a buga ba tukuna: The Invisible Man da Dracula da The Turn of the Screw.

Mai ba da labarin yana yawan katse zance ya yi wa mai karatu magana kai tsaye, irin salon marubutan ƙarni na 19. Wani lokaci abin yana armashi, wani lokaci kuma yana jan labarin ya yi tsawo fiye da kima.

Littafin shi ne na farko cikin jerin uku. El mapa del cielo ya biyo baya a 2012, sai El mapa del caos a 2014.