Gubar gansakuka a abincin ruwa

Gubar gansakuka dafi ne da wasu ƙananan halittun ruwa, waɗanda ido ba ya iya ganin ɗaiɗaikunsu, suke samarwa a jikinsu. Idan suka yi yawa sukan rina ruwa ya koma kore, ja ko ruwan ƙasa. Mutum yakan gamu da wannan guba ta hanyar shan ruwan, ko cin abin da ya rayu a cikinsa, musamman halittu masu ɓawo biyu irin su kawa da makankari. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma dafawa, suya, ƙyafewa ko sanyin firji ba sa kashe ta. Saboda haka kariyar da aka dogara da ita a duniya ita ce auna ruwa da naman halittar tun kafin a kai kasuwa.

Yadda gubar ke taruwa

Kawa ba ta farauta. Tana zaune wuri guda, tana zuƙar ruwa tana tace abincinta, kuma babba guda tana iya tace fiye da lita 100 a yini idan ruwan ya yi ɗumi. Duk ƙwayar gansakuka mai dafi da ta shiga bakinta, gubar takan zauna a cikinta na kwanaki, makonni, wani lokaci watanni, ita kuwa tana nan lafiya lau. Abin da ke ruɗar mai kiwo ke nan: ɓawo a rufe, nama da kyan gani, ruwa ma wataƙila garau, domin wasu nau'o'in suna iya sa kawa ta zama haɗari tun yawansu bai kai ya sauya launin teku ba.

Manyan nau'o'inta a teku

Mafi kisa ita ce saksitoksin, wadda halittun Alexandrium da Gymnodinium catenatum suke samarwa. Tana toshe hanyar da jijiya ke aika saƙo. Cikin rabin awa da ci, leɓe da harshe su fara mutuwa, abin ya sauka zuwa yatsu, magana ta sarƙe, ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. Idan gubar ta yi yawa, numfashi ya tsaya cikin 'yan awanni. Ba ta da makari. Abin da ke ceton rai shi ne na'urar taimaka wa numfashi, kuma wanda ya kai awa 24 da ransa yawanci yakan warke sarai. A shekarar 1987, a gaɓar Champerico ta ƙasar Guatemala, mutum 187 suka kamu, 26 suka rasu, yawancin tsananin a kan yara.

A ƙarshen wannan shekara ta 1987 aka gano wata gubar dabam a tsibirin Yarima Edward na Kanada, inda makankarin da aka kiwata suka kwantar da mutum fiye da 100, uku suka mutu. Ita ce domoik asid, daga halittar Pseudo-nitzschia. Tana lalata sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu, har wasu da suka tsira suka zama ba sa iya tuna abin da ya faru da su 'yan mintuna da suka wuce. Ta uku, okadaik asid daga Dinophysis, gudawa da amai take jawowa, mutum ya warke cikin kwana uku. Ba ta cika kisa ba, amma ita ce ta fi yawan jawo rufe gonakin kiwo a Turai.

Sa ido

Tarihin sa ido ya faro ne daga Kalifoniya ta Amurka. A 1927 mutum fiye da 100 suka kamu a kewayen San Francisco, shida suka mutu. Masu bincike Hermann Sommer da Karl Meyer suka bi sawun abin har suka danganta shi da gansakukar teku, suka kuma tsara gwajin ɓera: a tatso ruwan naman, a yi wa ɓera allura, a ƙirga mintunan da zai yi kafin ya mutu. Gwajin ya yi aiki shekaru da dama, duk da ba ya faɗin wace guba ce. Yanzu na'urorin tantance sinadarai sun maye gurbinsa a yawancin ƙasashe masu hali.

A Tarayyar Turai, dokar ta tanadi a ɗauki samfuri daga wurin kiwo, yawanci mako-mako a lokacin girbi, a kuma ƙirga ƙwayoyin gansakuka a ruwa. Iyakar da aka sa a kowane kilo na nama ita ce maikurogiram 800 na saksitoksin, miligiram 20 na domoik asid, da maikurogiram 160 na okadaik asid. Da zarar an haura, hukuma ta rufe wurin, ba za a sake buɗe shi ba sai gwaji biyu a jere, da tazarar aƙalla awa 48, sun nuna an sauko. Kowane buhu yana ɗauke da takardar da ke nuna inda aka ɗebo shi da ranar. Tsarin yana da tsada, kuma mai kiwon da aka rufe wa gona ana tsakar ciniki yana jin jiki, amma wanda ya sayi kawa daga gonar da ake aunawa da wuya ya kamu. Masu kamuwa a yau galibi su ne masu tsinta da kansu a bakin teku.

A Afirka, Maroko, Namibiya da Afirka ta Kudu suna da tsarin aunawa saboda kiwon da suke yi na sayarwa. A Gambiya da Sanagal, mata ne ke ɗebo kawa daga saiwoyin itatuwan bakin ruwa, kuma ƙungiyar TRY ta matan Gambiya, wadda aka kafa a 2007, ta samu ikon kula da wuraren ɗiba da hana ɗiba a wasu watanni.

A ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta da teku, kuma kawa ba abincin Bahaushe ba ne. Amma matsalar tana nan, a ruwan daɗi. Halittar da ta fi damuwa ita ce Microcystis, gubarta kuwa mikrosistin, wadda take kama hanta. Abin da halittar take so shi ne ruwa kwantacce, zafin rana, da abinci daga takin zamani, kashin dabbobi da ruwan kwata. Wannan shi ne halin da madatsun ruwa da kududdufai suke shiga daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, rana ta buɗe.

Tafkin kiwon tarwada wuri ne da ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Mai kiwo yana watsa abinci safe da yamma, ragowar ta nutse, kashin kifi ya haɗu da ita, ruwa kuma yana da tsadar sauyawa. Da hantsi, idan iska ta kwanta, sai a ga wani kauri kore ya taru a kusurwar da iska ta tura shi, kamar an zubar da fenti. Idan aka tsoma sanda aka ɗaga, gansakuka mai zare takan biyo sandar tana reto, ita kuwa Microcystis sai ta shafe sandar kawai, ta watse. Masu kiwo da yawa suna ɗaukar koren ruwa alamar lafiya, kuma sau da yawa haka ne, domin ba kowane kore ke da dafi ba. Ido dai ba ya iya tabbatarwa, sai awo.

Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Mathias Ahii Chia, sun wallafa a 2009 cewa sun samu mikrosistin a tafkunan kiwon kifi da wasu ruwayen garin. A 2015 suka dubi ruwayen da ake shayar da jama'a daga gare su, a 2019 kuma suka same ta a alayyafo, kabeji da latas na kasuwannin Zariya, abin da ke nuni ga ruwan da ake ban-ruwan lambu da shi a noman rani. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta fitar a 1998, shi ne kada mikrosistin ta wuce maikurogiram 1 a litar ruwan sha. Haɗarin a nan ba na faɗuwa nan take ba ne, na taruwa ne a hankali, a yankin da ciwon hanta da gubar funfuna ta gyaɗa da masara suka riga suka yi wa hantar jama'a nauyi. Aikin masu binciken ya nuna akwai abin aunawa, sai dai binciken jami'a ba ya maye gurbin awo na mako-mako da hukuma mai ikon cewa a dakata.

Tafasa ruwa ba ya cire mikrosistin. Zuba maganin kashe gansakuka a tafki yakan fasa ƙwayoyin, gubar ta fito gaba ɗaya. Abin da ke rage ta a gidan ruwa shi ne tace ƙwayoyin ba tare da fasa su ba, sannan gawayin tacewa da isasshen kulorin. A kifi, gubar ta fi taruwa a hanta da hanji, don haka cire kayan ciki yana rage haɗari sosai. Waɗanda ake yi wa wankin ƙoda su ne suka fi kowa rauni: a Caruaru ta Burazil, a 1996, an yi wa majinyata wanki da ruwan madatsa da ba a tace shi yadda ya kamata ba, fiye da 50 suka mutu.

Jado da Kanem

A Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, kududdufai suna kwance a gindin kangon tsohon gari, cikin dabino, jama'a kuwa suna zaune a Shirfa. Tun da aka samu zinare a yankin a 2014, masu neman ruwa sun ƙaru, kuma ruwan da aka ajiye a buɗaɗɗen wuri cikin wannan rana yana buƙatar rufi da kulawa don kada gansakuka ta kama shi. Tsohuwar hanyar fatake da ta bi ta Jado da Bilma tana gangarawa Kanem, gabas da tafkin Cadi, inda ake cin gansakuka da gangan. Matan Kanembu suna kwasar Arthrospira daga tafkunan kanwa, su zuba ta a ramin yashi mai faɗi, ruwan ya tsotse, rana ta busar da ita, su yanka ta gutsi-gutsi. Sunanta dihe, ana miya da ita, kuma ita ce duniya ta sani da sifirulina. Masanin tsirrai Jean Léonard na Beljiyam ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. Ita kanta abinci ce mai gina jiki, kuma ƙarfin kanwa yana hana yawancin sauran halittu zama tare da ita. Haɗarin yakan taso ne idan ruwan sama ko ambaliya suka tsarma kanwar, wasu nau'o'in suka samu shiga, shi ya sa masu noman sifirulina na sayarwa suke kula da ƙarfin kanwar tafkinsu, suna kuma kai busasshen garin a auna mikrosistin kafin a ɗura shi a leda.