Yadda Majalisun Maƙwabta Suka Kafu a Ikilisiyoyin Kongirigeshon

Turawan Ingila da suka yi ƙaura zuwa arewa maso gabashin Amurka a ƙarni na 17 sun taho da aƙidarsu: kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta, babu bishop a bisanta. Su ne ikilisiyoyin Kongirigeshon. To, idan jama'a suka saɓa da fastonsu, wa zai shiga tsakani?

Tun 1629 aka fara ganin amsa. Ranar da ikilisiyar Salem ke naɗa shugabanninta, Gwamna William Bradford ya taso daga maƙwabciyarsu Plymouth a jirgin ruwa da tawagarsa. Iska ta tsare su a hanya, amma sun iso kafin a watse, suka miƙa wa sabuwar ikilisiyar hannun dama na zumunci. Zumunta dai a ƙafa take.

A 1648 babban taron ikilisiyoyi a Cambridge ta Massachusetts ya rubuta al'adar a takarda. Ikilisiyar da ke da damuwa, ko za ta naɗa fasto, sai ta aika wa maƙwabtanta wasiƙa, kowace ta turo fastonta da wakili daga cikin jama'a. Su zauna, su ji ta bakin kowa, su ba da shawara, sannan kowa ya kama gabansa. Majalisar ba ta da ikon tilasta wa kowa. Iyakarta, idan ikilisiya ta yi taurin kai, maƙwabta su janye zumuncinsu, kuma a ƙananan garuruwan nan wannan ba ƙaramin horo ba ne.

Wasu fastoci sun ga abin ya yi sako-sako. A 1705 suka kawo shawarar kafa majalisun dindindin a Massachusetts. Fasto John Wise na Ipswich ya yaƙe ta da alƙalami, ba ta kai ko'ina ba. Connecticut kuwa ta rungumi tsarin a Saybrook a 1708. Ni a ganina Wise ya fi gaskiya, domin majalisar da ba ta tashi, sannu a hankali sarauta take komawa.

Shawarar maƙwabta fa tana da nauyi. Majalisa irin wannan ce ta amince a 1750 a sallami Jonathan Edwards, babban malamin zamaninsa, daga ikilisiyar Northampton, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

Sai a 1871 aka kafa majalisar ƙasa ta dindindin a Oberlin, jihar Ohio, wadda a farko take zama duk bayan shekara 3. Ita ma tsarin mulkinta ya hana ta kafa wa ikilisiya doka ko yanke mata hukunci.