Intanet mai araha a karkarar Dakoro: ta wace hanya?

Rumbu komin ce ta karkara a gundumar Dakoro, jihar Maradi, inda ƙauyukan manoma da rugagen makiyaya ke nesa da juna. Binne wayar fibar zuwa irin wannan wuri na cin maƙudan kuɗi, shi ya sa ido ke kan rezon da ba ya buƙatar waya.

Hanyoyin uku ne. Ta farko, antenan salula mai aiki da hasken rana, wadda kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ke kafawa. Ta biyu, wifi mai dogon zango: antena biyu ke fuskantar juna bisa dogayen ƙarafa, a kan mita 2,4 ko 5 GHz, saƙo ya ratsa kilomita da dama muddin tudu ko itace bai tare ba. Ta uku, tauraron ɗan Adam: Starlink ya soma aiki a Nijar cikin 2025, kuma na'ura guda na iya wadatar da unguwa ta hanyar sayar da tikitin wifi.

A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin "Villages intelligents", wanda hukumar ANSI ke jagoranta a lokacin, da nufin haɗa ƙauyuka sama da 2.000.

Ga makiyayi, rezo na nufin sanin farashin bisashe kafin ranar kasuwa, da karɓar aiken ƴan cirani. Sai dai zafi da ƙura na kashe batir da wuri, kuma in babu mai gyara a kusa, antena kan yi watanni shiru.