Abuja, Doki da Zaman Sirdi

Yaranmu da yawa na ɗauka Abuja ta soma ne ranar 12 ga Disamba 1991, da gwamnati ta taso daga Legas. Ba haka ba ne. Sunan nan a kan doki ya iso. A lokacin jihadin Shehu, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da mahayansa ya sauka Zuba, wadda muke ratsawa kullum da kayan kasuwa. An kashe shi a yaƙin Lapai a 1825, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Bayan dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya, sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja.

Mahayan wancan zamani ba su san kilisar nishaɗi kawai ba. Ɗan lifidi na ɗauke da nauyi, hannu ɗaya mashi, ɗaya linzami, to da me zai bi da doki? Da cinya, da ƙugu, da yadda ya dasa ƙafa a likkafa. Linzamin Hausa kuwa mai kaifi ne; wanda ya mai da shi abin riƙo don kada ya faɗi, bakin dabba zai yaga, kuma Allah zai tambaye shi. Shi ya sa a barga yaro kan fara da yankan ciyawa da kwashe kashi, ya daɗe kafin a bar shi ya yi sukuwa. Zamiyar da muke yi wa sowa ranar hawan Salla, mahayi nauyinsa yake mayarwa baya, dokin ya ji tun kafin a ja.

Yanzu fa? Ana hayo dawaki don hawan angwanci, a ɗora yaron da bai taɓa zama a sirdi ba, a sake shi kan kwalta. Bara mun je dubiyar wani da ya karye a kafaɗa, majayi ne ma ba a ɗaure da kyau ba.

Muna da dattawa a unguwar nan da suka tashi a bargar Katsina da ta Zariya. Mun roƙe su, sun kuma amsa za su riƙa zama da samari ranar Asabar bayan La'asar a filin Idi. Doki ɗaya ya isa, tafiya kawai, babu kaimi, babu bulala.