Harshen Yaro da Farkon Karatu a Gaya: Yadda Aikin Ya Samo Asali

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara a jihar Dosso, gada ce tsakaninsa da Malanbil ta Benin, Kamba ta Najeriya kuma tana nan kusa. Yaron da ya tashi a nan yakan buɗe baki da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci, sau da yawa da biyu a haɗe. Amma tun zamanin mulkin Faransa, ranar da aka sa shi lakwal galibi sai a tarbe shi da Faransanci zalla, a ce ya koyi baƙi da harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Daga wannan giɓi ne binciken harshen yara ya tsiro a Nijar. A 1964 Abdou Moumouni ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a fara koyar da yaro da harshen uwa. Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan rubuta harsuna irin su Hausa da Zabarmanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ta ɗauki nauyin rubuta littattafan, aiki ya samu ga masana harshe da masu horar da malamai. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a azuzuwan farko, sai dai makarantun sun daɗe suna amsa sunan gwaji, kuma wannan jinkiri ya cuci yara: binciken PASEC na 2014 ya nuna kusan tara cikin goma na masu gama firamare ba su kai matakin karatun da ake bukata ba.

Ɓangaren asibiti na wannan aiki ya fi zuwa a makare. Masu gyaran magana, waɗanda ke duba yaro mai i'ina ko jinkirin baki ko wanda sanƙarau ya taɓa masa ji, kaɗan ne, yawancinsu a Yamai, kuma makarantar da ta yi suna wajen horar da su a yankin tana Lome. A gari kamar Gaya, malamin aji ɗaya da ma'aikacin asibitin da ke awon jarirai su ne ke fara lura da irin wannan yaro, don haka su ya kamata a fara ba horon.