Yadda taskar taurari ta iso Aliero

Tun kafin zuwan boko manoman Jega da Maiyama sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Zara da Gamzaki. Amma binciken taurari na zamani ya daɗe a hannun masu manyan madubin hangen nesa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 a kan farantan gilashi ake ɗaukar hoton sama a adana a ɗaki. Jami'ar Harvard kaɗai ta tara kusan rabin miliyan, kuma a da ba mai ganinsu sai wanda ya taka ƙafa can. A 1969 aka ƙirƙiro na'urar da ke mayar da haske lambobi, kuma hoton da ya zama lambobi ana iya kwafarsa a aika ko'ina. Shirin binciken sama na Sloan a Amurka, wanda ya fara aiki a 2000, ya riƙa sakin bayanansa ga kowa ta intanet. A 2022 kumbon Gaia na Turai ya fitar da bayanan taurari kusan biliyan 1.8, kyauta. Ke nan ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, taska ɗaya yake buɗewa da farfesan Cambridge.

Za a ce ina wuta, ina kuɗin data? Gaskiya ne, sai dai girman bayanan ya sa an sauya hanya. Madubin Vera Rubin da ke Chile an tsara shi ya tara kusan terabait 20 kowane dare, ba wanda zai sauke wannan a kwamfutarsa, ko a Turai yake. Yanzu mai bincike tambaya yake rubutawa cikin 'yan layuka, manyan kwamfutocin taskar su tace, su maido masa da ɗan jadawali. Ƙaramar kwamfuta da hasken sola sun isa wannan aiki.

Wani kuma zai ce me taurari suka haɗa da mai noman albasa? Hannun da ya iya tace taurari miliyan shi zai karanta hoton fadama daga tauraron ɗan'adam, shi zai lissafa wa masu duban wata inda jinjirin zai tsaya da tsawon zamansa bayan faɗuwar rana.

Abin da ya rage malamai ne masu koyar da harshen kwamfuta na Python da lissafi, da ɗakin kwamfuta mai wuta ba yankewa. Wannan bai fi ƙarfin gwamnatin Jihar Kebbi ba, ya kamata ta yi.