Tarihin Annobar da ke Kayar da Ingarma

Duk wanda ya tashi a Wanke, Gusau, Tsafe ko Bungudu ya san darajar doki a ranar hawan salla da filin sukuwa. To, akwai wata annoba da ta daɗe tana kayar da dawaki, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar dawaki ta Afirka.

Takan fara da zazzaɓi da kumburi a saman idanu, sai numfashi ya gagara, kumfa ta riƙa fita ta hanci. Cikin dawaki 10 da jininsu bai saba da ita ba, 9 kan iya mutuwa.

Tsakanin 1854 da 1855 ta hallaka dawaki wajen 70,000 a Afirka ta Kudu. Manoman can suka ɗora laifin a kan raɓa da iskar dare, don sun lura dokin da ya kwana a cikin barga yakan tsira. A 1900 aka gano ƙwayar bairos ce. A 1944 kuma wani masani mai suna Du Toit ya tabbatar cewa wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba, su ke yaɗa ta, musamman da magariba da asuba. Ashe manoman sun dace da dabara, dalili ne suka kuskure.

Cutar ba ta tsaya a Afirka ba. Daga 1959 zuwa 1961 ta kashe dawaki da danginsu fiye da 300,000 daga Gabas ta Tsakiya har Indiya. A 1987 jakunan dawa daga Namibiya suka kai ta Sifen. A 2020 ta kashe ɗaruruwan dawaki a Tailan, har da na tsere. A nan gida kuwa, a 2007 aka ba da rahoton ɓarkewarta cikin dawakin folo a Legas.

Shi ma sauro ba a bar shi a baya ba. Bairos ɗin Yammacin Nilu da yake yaɗawa, wanda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, ya kama dawaki wajen 15,000 a Amurka a 2002.

Jama'a, ƙwarin nan sun fi yawa da damina, a fadamu da bakin ruwa irin Gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau. Cutar dawakin ba ta da magani, sai riga-kafi. Mai doki ya shigar da shi barga kafin magariba, ya tada hayaki, ya nemi allura wurin likitan dabbobi, kuma ya keɓe baƙon doki kafin ya haɗa shi da nasa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.